Sunan da Ya Fi Giyar Tsada: Yadda Manoman Shamfen Suka Ƙwaci Iyakarsu

A watan Afrilun 2023 aka murƙushe gwangwani 2,352 na wata giyar Amurka mai suna Miller High Life a ƙasar Beljiyam. Jami'an kwastan ne suka tsare kayan a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, ana shirin wucewa da su Jamus. Giyar ba ta lalace ba, kuma ba fasa-ƙwaurinta aka yi ba. Laifinta kalma guda ce: a jikin gwangwanin, kamfanin ya yi wa kayansa kirari da cewa su ne shamfen a cikin giyar hatsi. A dokar Tarayyar Turai kuwa wannan kalma tana da masu ita, wato manoma da kamfanonin wani yanki na arewa maso gabashin Faransa da Faransawa ke rubuta sunansa Champagne.

Akasarin masu karanta wannan wasiƙa ba mashaya ba ne, kuma ba sai mutum ya taɓa kwalba zai ƙaru da wannan tarihi ba. Abin da ke cikinsa tambaya ce da ta shafi duk ƙasar da ta yi fice da wani kaya: idan sunan gari ya zama dukiya, ta wane ce? Dabarar sanya giya ta yi kumfa ba sirri ba ce, ana yin ta a Sifaniya da Italiya da Ingila da Afirka ta Kudu. Abin da ya sa hekta ɗaya ta gonar inabi a Shamfen take haura yuro miliyan ɗaya shi ne sunan, da layin da doka ta ja ta kewaye shi. Wannan layi kuwa bai zo cikin ruwan sanyi ba. Sai da aka ƙona gidaje kafin ya tsaya.

Ƙasa mai sanyi da giyar da ta ƙi kwanciya

Yankin Shamfen yana kimanin kilomita 150 gabas da Paris. Manyan garuruwansa na wannan sana'a su ne Reims da Épernay, sai ƙauyuka irin su Aÿ da Hautvillers da ke kan tuddan da suka kewaye kogin Marne. Ƙarƙashin ƙasar duk alli ne, mai riƙe ruwa lokacin fari, mai tsotse shi lokacin da ya yi yawa. Tun zamanin Rumawa ake haƙar allin don gini, kuma ramukan da aka bari su ne daga baya suka zama rumbunan ajiyar kwalabe a ƙarƙashin Reims. Birnin ya daɗe da daraja, domin a cocinsa ake naɗa sarakunan Faransa har zuwa Charles na Goma a 1825, kuma giyar yankin ta samu shiga fada ta wannan ƙofa.

Sai dai giyar wancan zamani ba ta kumfa, ko kuma a ce ba a so ta yi. Shamfen tana gab da iyakar arewa ta inda inabi ke iya nuna. Idan an matse ruwan inabi a kaka, yis yakan fara cin sukarin da ke ciki, yana mayar da shi barasa da iska. Sanyin hunturu kan zo ya tsayar da aikin bai kammala ba. Idan aka ɗura giyar a kwalba a haka, da zarar gari ya fara ɗumi sai yis ya farka ya ci gaba, iskar ta rasa mafita. Sakamakon shi ne kumfa, ko kuma fashewar kwalba.

Sunan da aka fi dangantawa da shamfen shi ne Dom Pérignon, wani malamin zuhudu na Kirista wanda ya riƙe rumbun gidan ibada na Hautvillers daga 1668 har rasuwarsa a 1715. Ya ƙware wajen zaɓen inabi, da haɗa na gonaki daban-daban, da fitar da farin ruwa daga baƙin inabi. Labarin cewa shi ya ƙirƙiro kumfa kuwa an ƙaga shi ne fiye da shekara ɗari bayan mutuwarsa, kamfanoni kuma suka yi ta yayata shi domin yana sayar da kaya. Shaidar da ke rubuce ta nuna wani wuri daban: a 1662 wani likita Bature mai suna Christopher Merret ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan yadda 'yan kasuwar Ingila ke zuba sukari a giya don ta yi kumfa. Ingila ce kuma ke da kwalbar da za ta iya jure wannan, saboda maƙeran gilashinta sun koma amfani da gawayin kwal, wanda wutarsa ta fi ta itace zafi.

Zamanin attajirai

A 1728 Sarki Louis na Goma Sha Biyar ya ba da izinin jigilar giyar Shamfen a cikin kwalba maimakon ganga kaɗai. Shekara guda bayan haka, a 1729, Nicolas Ruinart ya kafa kamfanin farko na wannan sana'a. Moët ya biyo baya a 1743, Clicquot a 1772. Da yawa daga waɗannan iyalai tun asali 'yan kasuwar ulu da yadi ne, masu abokan ciniki a ƙasashen waje. Wasu kuma baƙi ne daga Jamus, kamar Heidsieck da Mumm da Bollinger da Krug, waɗanda suka shigo da iya harsuna da iya lissafi.

Matsaloli biyu ne suka hana sana'ar bunƙasa da wuri, kuma duk an warware su a farkon ƙarni na 19. Ta farko ita ce laka. Bayan yis ya gama aikinsa a cikin kwalba sai ya mutu ya kwanta, ya gurɓata giyar. Barbe-Nicole Ponsardin, wadda mijinta François Clicquot ya rasu a 1805 tana da shekara 27 ta karɓi ragamar kamfanin, ita da mai kula da rumbunta suka fito da dabara a wajajen 1816: a soka kwalabe a ramukan katako, baki yana kallon ƙasa, a riƙa juya su kaɗan-kaɗan kullum har lakar ta taru a wuya, sannan a buɗe a fitar da ita. Ita ce kuma a 1814, yaƙe-yaƙen Napoleon ba su gama lafawa ba, ta yi kasadar tura jirgi ɗauke da kwalabe fiye da 10,000 zuwa Rasha, ta riga kowa shiga wannan kasuwa. Matsala ta biyu ita ce fashewa. Matsin iskar da ke cikin kwalbar shamfen ya kai kusan ninki uku na wanda ke cikin tayar mota, kuma a wasu shekarun fiye da rabin kwalaben rumbu kan tarwatse. A wajajen 1836 wani mai haɗa magunguna a garin Châlons, Jean-Baptiste François, ya gano hanyar auna adadin sukarin da ya dace a zuba. Daga nan sana'ar ta tashi daga caca ta koma masana'anta, aka tashi daga dubban ɗaruruwan kwalabe a shekara zuwa miliyoyi masu yawa.

A nan ne tsarin da zai haifar da rikici ya kafu. Yin shamfen yana buƙatar jari mai nauyi: rumbu, kwalabe, shekarun jira kafin a sayar, da wakilai a Landan da St. Petersburg da New York. Ƙaramin manomi ba shi da ko ɗaya. Don haka sai al'umma ta rabu biyu. Ga kamfanoni kaɗan masu suna da kasuwa, ga dubban manoma masu 'yan ƙananan gonaki waɗanda ba su da wanda za su sayar wa inabi sai waɗannan kamfanoni, ta hannun dillalan da ke yanka farashi lokacin girbi, alhali inabi ba ya jiran ciniki.

Kamfanonin sun san darajar sunan. A 1882 suka kafa ƙungiyarsu, suka riƙa maka masu yin giya mai kumfa a wasu yankuna, musamman Saumur, a kotu don hana su kiran kayansu shamfen, suka kuma yi nasara. Amma a aikace kariyar ta tsaya ne a kan inda aka ɗura kwalba. Ba a bin diddigin inda inabin ya fito. Da layin dogo ya haɗe Faransa, wasu 'yan kasuwa suka fara shigo da gangunan giya mai arha daga kwarin Loire da kudancin ƙasar, su sarrafa ta a Épernay ko Aÿ, su manna mata suna. Manomin da ke maƙwabtaka da rumbun yana kallo, inabinsa na faɗuwa a farashi.

Shekarar da wuta ta tashi

Masifu suka taru wa manoma a jere. Wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi da ya shigo Turai daga Amurka, wanda ake kira filoksera, ya iso Shamfen a 1890. Maganinsa kaɗai shi ne a tumɓuke gona a sake dasa ta da itacen da aka aura wa saiwar inabin Amurka, aikin da ke cin kuɗi da shekaru. A 1904 manoman suka haɗa ƙungiyoyinsu wuri guda, suka matsa wa gwamnati ta fayyace inda Shamfen ta fara da inda ta ƙare.

Gwamnati ta amsa da dokar 17 ga Disamba 1908. Ta sanya yawancin lardin Marne da wani ɓangare na Aisne a cikin iyaka, ta bar lardin Aube a waje. Wannan ya zama sabon rauni, domin Troyes, babban birnin Aube, shi ne tsohuwar hedikwatar ƙasar Shamfen a zamanin sarakunanta, kuma manoman Aube sun daɗe suna sayar wa kamfanonin Marne giya. Dokar ba ta kuma tanadi hanyar hana shigo da gangunan waje ba. Sai ga girbin 1910, wanda ƙanƙara da ruwan sama da cutar ganye suka kusan shafe shi baki ɗaya. Manoma ba su da abin sayarwa, amma rumbunan wasu kamfanoni a cike suke. Ba a buƙatar dogon bincike kafin a san daga ina.

A watan Janairun 1911 mutanen Damery da Hautvillers suka far wa rumbunan 'yan kasuwar da ake zargi, suka farfasa ganguna, suka tuntsurar da wasu a kogin Marne. Majalisa ta yi gaggawar zartar da dokar 10 ga Fabrairu, wadda ta tilasta a ware rumbun giyar Shamfen daga na kowace giya, a kuma riƙa bin sawun kowace ganga da takarda. Wannan ya kwantar da hankalin Marne, amma ya rufe wa Aube kasuwa gaba ɗaya. Sai Aube ta tashi. Ƙarƙashin jagorancin Gaston Cheq, manoma suka yi gangami a Bar-sur-Aube a watan Maris, suka ƙona takardun haraji, kansilolin ƙauyuka da dama suka ajiye muƙamansu. Ranar 9 ga Afrilu dubbai suka cika Troyes.

Ranar 11 ga Afrilu Majalisar Dattawa a Paris, tana neman kashe wutar Aube, ta nuna goyon baya ga soke duk wata iyaka. Labarin ya iso Marne ta wayar tangaraho a yammacin ranar. A daren da kashegarinsa dubban manoma suka gangaro daga ƙauyuka zuwa Aÿ, maza da mata, da fartanya da sanduna. Aka cinna wa rumbuna da gidajen 'yan kasuwa wuta, ciki har da na kamfanin Ayala, giya ta malala a tituna. Gwamnati ta turo dubban sojoji, suka zauna a yankin har bayan girbi.

Abin lura a nan shi ne bore biyu ne aka yi a lokaci ɗaya, kuma buƙatunsu sun saɓa. Manoman Marne suna son a ja layi a tsare shi. Manoman Aube, waɗanda talaucinsu bai gaza na 'yan'uwansu ba, suna son layin ya haɗa da su. Kowace iyaka da ke arzuta na ciki tana tsiyata wani a waje, kuma wannan gaskiya ba ta taɓa barin tarihin Shamfen ba. A watan Yunin 1911 aka yi sulhun rabi da rabi: aka bar Aube ta yi amfani da sunan, amma da ƙarin tambarin "yanki na biyu", tambarin da ya zame mata kamar tabo.

Daga titi zuwa takarda

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ratsa tsakiyar gonakin. An yi ta ruwan bama-bamai a kan Reims, mutane suka koma zama a ramukan alli, mata da yara da tsofaffi suka yi girbi ana jin ƙarar igwa. Bayan yaƙin, Faransa ta sanya sharaɗi a sashe na 275 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 cewa dole Jamus ta mutunta sunayen giyar yankunan Faransa. Amurka ba ta amince da yarjejeniyar a majalisarta ba, shi ya sa har yau akwai kamfanonin Kalifoniya da ke rubuta kalmar a kwalabensu, bisa wani rangwame da yarjejeniyar 2006 tsakanin Amurka da Tarayyar Turai ta bar wa tsofaffin masu amfani da ita.

A cikin gida, dokar 22 ga Yuli 1927 ta shigar da Aube cikin iyaka ba tare da tambarin ƙasƙanci ba, ta kuma fara ƙayyade irin inabin da aka yarda da shi. Amma layi kaɗai bai ciyar da kowa ba. Kasuwar Rasha ta rushe da juyin juya halin 1917, Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, sannan tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Farashin inabi ya faɗi warwas. Wannan ƙunci ne ya tilasta wa manoma da kamfanoni zama tebur ɗaya a Châlons a 1935 don tsayar da farashi da yawan abin da za a girba. A 1936 Shamfen ta shiga sabon tsarin Faransa na sunayen asali da hukuma ke tantancewa.

Abin da ya ɗaure ƙullin shi ne mamayar Jamus. Hukumomin mamaya suka naɗa wani jami'i, Otto Klaebisch, ya riƙa karɓar dubban ɗaruruwan kwalabe a kowane mako. Don kada ya riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya, Robert-Jean de Vogüé na kamfanin Moët da Maurice Doyard na ɓangaren manoma suka jagoranci kafa kwamitin haɗin gwiwa a 1941. An kama de Vogüé a 1943 aka tura shi Jamus a tsare, amma kwamitin ya rayu. Shi ne ake kira Comité Champagne a yau, kuma har yanzu shugabanni biyu gare shi, ɗaya na manoma, ɗaya na kamfanoni.

Abin da layin ya saya

A yau iyakar ta ƙunshi kimanin hekta 34,000 a ƙauyuka 319. Manoma kusan 16,000 ne ke riƙe da kimanin kashi 90 cikin 100 na gonakin, yayin da kamfanoni ke sayar da fiye da kashi biyu cikin uku na kwalabe wajen miliyan 300 da ake fitarwa a shekara. Rukunin LVMH kaɗai ya mallaki Moët da Veuve Clicquot da Krug da Ruinart, amma duk girmansa dole ya sayi inabi daga hannun manoma, kuma kilo guda yakan haura yuro 6. Aube da aka kora a 1908 ita ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gonakin.

Farashin wannan kariya shi ne ƙa'ida mai tsauri. Da hannu ake tsinkar inabi, ba da inji ba. Daga kilo 4,000 ba a matse fiye da lita 2,550. Kwalba ba ta fita kasuwa sai ta yi aƙalla wata 15 a rumbu, ko shekara uku idan ta girbin shekara guda ce. Ana tsayar da ranar fara girbi ƙauye-ƙauye. Da annobar korona ta rufe kasuwa a 2020, ɓangarorin biyu suka yi ta ja-in-ja har suka amince da kilo 8,000 a hekta, ƙasa da 10,200 na shekarar da ta gabata, aka bar sauran inabin a gona don kada farashi ya karye.

A waje kuma kwamitin ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. A 1960 kotun Landan ta hana sayar da giyar Sifaniya da sunan shamfen. A 1993 kotun Paris ta hana Yves Saint Laurent sanya wa turarensa sunan. Har wani ƙauye a Suwizalan da sunansa na gado shi ne Champagne an hana shi rubuta sunan garinsu a kwalaben giyarsa tun 2004. Rasha ce ta juya lamarin a 2021, inda ta yi dokar da ta keɓe kalmar, a harshen Rashanci, ga giyar da aka yi a ƙasarta.

Wanda layin bai rufa wa asiri ba

Sulhun da aka gina tun 1911 tsakanin mai gona ne da mai rumbu. Akwai mutum na uku da ba shi da kujera a teburin. Kowace kaka ana buƙatar ma'aikata fiye da 100,000 don tsinkar inabi cikin 'yan makonni, kuma da yawansu 'yan kwangila ne ke kawo su. A girbin 2023, wanda aka yi cikin tsananin zafi, masu tsinka biyar suka mutu. A wannan kaka aka gano ma'aikata fiye da 50, yawancinsu 'yan Afirka ta Yamma daga Mali da Muritaniya da Senegal da Kodebuwa, an cusa su a wani kango a ƙauyen Nesle-le-Repons. A watan Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗauri bisa laifin fataucin bil'adama. Jikokin waɗanda suka ƙona Aÿ don a daina cin guminsu su ne yanzu ake tambaya game da gumin wasu.

Tsarin da Shamfen ta share wa hanya ya iso ƙasashenmu. Hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha na ƙasashe 17 ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, ta fara rajistar sunayen asali a 2013 da barkonon Penja da zumar Oku na Kamaru da kofin Ziama na Gini. Daga baya Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma tarihin Shamfen ya nuna cewa samun takardar shi ne mafi sauƙin aikin. Daga layin farko na 1908 zuwa kwamitin 1941 shekara 33 aka yi ana gardama kan wane ƙauye ke ciki, wa zai auna, wa zai hukunta mai ha'inci, da yadda za a raba riba tsakanin mai noma da mai kasuwa. Duk mai son sunan Galmi ya yi wa manomin Galmi amfani, waɗannan tambayoyi ne ke jiransa, tare da wadda Faransawa suka bari a baya, ta ɗan ƙodagon da ke durƙushe a gona.